Sama'ilu Mai Kushin da Akwatin Sitiyarin Jirginmu

In ka bi ta bayan tasha a Kazaure da hantsi, kafin ka kai layin masu faci, za ka ga wata rumfar kwano da sirdin babura rataye a jikinta. Nan Malam Sama'ilu mai kushin yake. Yakan fito bayan ya karya, ya yayyafa ruwa a ƙofar rumfa ya share, ya jawo tsohon keken ɗinkinsa ya ɗiga masa mai. Daga nan sai ya ɗauko ledar da zai yi aiki da ita a ranar, ya shimfiɗa ta a kan kwanon rumfar ta sha rana. Baƙo sai ya zaci wanki ya yi. Ba wanki ba ne, leda in ta ji rana takan yi laushi, ta bi kwana da lungu ba tare da ta yamutse ba. Kafin ta yi laushin yana zaune a benci yana zare tsofaffin ƙusoshin sitafula da bakin sukudireba, yana tara su a gwangwanin madara don kada su soki ƙafar wani.

A da, kafin ledar nan ta ɗau zafi an riga an yi masa layi. 'Yan acaɓa, direbobin hanyar Babura da Gwiwa, iyayen amare da kujerunsu, har mutanen Nijar masu zuwa cin kasuwa sukan bar masa sirdi su karɓa a hanyar komawa. Yanzu yakan wuni da aiki ɗaya, wani lokacin ma babu. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, bayan ya haura shekara talatin a cikinta.

Gara in faɗa tun yanzu: raina a ɓace na zauna rubuta wannan. Ni Halima Sa'adiyya, 'yar tsallaken ruwa ce, ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, mahaifiyata kuma tana ƙauye. Shekaru ke nan garin nan yana kiran dattijon nan maha'inci a kan laifin da bai yi ba. Da wannan sunan ya tsufa, kuma in ba a tashi tsaye ba da shi zai kulle rumfarsa ya koma gida. Ba zan yi shiru ina kallo ba.

Ga yadda abin ya faro. Mu mutanen tsallake, in damina ta kankama ruwa ya cika, hanyarmu ta ƙasa takan yanke. Mai son shiga gari sai ya yi zagaye ta wajen Roni, ya ɓata rabin yini a kan babur. Shi ya sa ƙungiyar ƙauyukanmu ta haɗa ƙarfi ta sayo tsohon jirgi mai inji, aka damƙa shi a hannun Ɗan'azumi, ɗan masunta ne da ya san ruwan nan tun yana rarrafe. A tsakiyar jirgin akwai wani akwatin katako, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. A jikinsa aka ɗaure sitiyari, ta cikinsa kuma wayar da ke juya inji ta bi. An lulluɓe akwatin da soso da leda, don in jirgi ya yi girgiza kada mutum ya bugu, don kuma kada ruwa ya taɓa katakon. Ledar da ya zo da ita duk ta tsattsage, sai aka kira Malam Sama'ilu.

Masu facin da ke maƙwabtaka da shi shaida ne, ya ƙi taɓa ledar kujera da ke jibge a rumfarsa. Ya ce wannan ta ɗaki ce, rana ɗaya a kan ruwa ta ishe ta. Ya shiga mota ya tafi Kano ya yi ta yawo sai da ya samo ledar ruwa, mai kauri, wadda ba ta shan ruwa ba ta kuma tsagewa a rana. Ya nemo zaren roba da ƙusoshin da ba sa tsatsa. Ya canza katakon, ya shafe shi da fenti ciki da waje, ya juya duk bakin ɗinki ya kalli ƙasa yadda ruwan sama zai gangare ya wuce. Da ya gama ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa wa akwatin a gaban shugabannin ƙungiya, ya sa hannu ta ƙasa ya shafo katako, ya nuna musu tafinsa a bushe. Kowa ya sa albarka.

Damina ta wuce, wata ta wuce. A ta uku, ran wata kasuwa da safe, ina cikin jirgin nan. Cike yake da mutane da buhunan albasa. Mun kusa gaɓar gari, wajen da kututturan itatuwa suke a cikin ruwa, Ɗan'azumi ya murɗa sitiyari zai kauce, sai sitiyarin ya taho gaba ɗaya a hannunsa da guntun ruɓaɓɓen katako a jiki. Na ga fuskarsa a lokacin, har yau ina ganinta. Jirgi ya tafi kai tsaye ya daki kututture, ya karkata, mutanen da ke gefe suka zube a ruwa. Allah ya sa kusa da gaɓa ne, masunta suka faɗo suka tsamo kowa. Ba a rasa rai a wurin ba. Amma a cikin waɗanda suka faɗa akwai Baraka, matar Alhaji Maikasuwa dillalin albasa, tana da tsohon ciki. Kafin la'asar cikin ya zube.

Mutane suka taru a bakin ruwa suka leƙa akwatin. Suka ga katako ya ruɓe, suka matsa soso ruwa ya tsiyayo. Shi ke nan, an gama bincike, an yanke hukunci. Wani ya ce ai ledar kujera Sama'ilu ya sa ya ce ta ruwa ce. Wani ya ce dama shi ya ga alama tun ranar. Wani, wanda na tabbata ko sitiyarin keke bai taɓa riƙewa ba, ya ce ya ji daga majiya mai ƙarfi cewa dattijon bai ma je Kano ba. Kafin magariba maganar ta kai Babura. Alhaji Maikasuwa, da zafin rashin da ya yi, ya zo ƙofar rumfar ya tsaya a gaban jama'a.

"Kai ka kashe mini ɗa," in ji shi. "Na bar ka da Allah, amma in dai ina numfashi ba mai sake kawo maka ko matashin kai."

Malam Sama'ilu ya miƙe tsaye, ya cire gilashinsa. "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ya ba Baraka lafiya. Ledar da na sa ta ruwa ce. Amma zan je in duba."

Ban ga laifin Alhaji a ranar ba, mutumin da ya binne ɗa yana iya faɗin komai. Waɗanda nake jin haushi su ne sauran, masu zaman benci, waɗanda ba su rasa ko albasa ɗaya ba amma suka ɗauki maganar suka mai da ita abin cin gyaɗa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ɗinke muku sirdi, kun zauna a kan aikinsa har wandunanku sun ƙoƙe, ba wanda a cikinku ya ce a tsaya a duba tukuna.

Shi ya je ya duba. Washegari da hantsi ya ɗaure kayan aikinsa a bayan keke ya gangara bakin ruwa, ba wanda ya kira shi. An ja jirgin kan yashi, Ɗan'azumi yana zaune a gindinsa ya haɗa kai da gwiwa. Mutane daga nesa suka ga dattijon ya durƙusa yana ɓare leda. Abin da ya gani a ciki kuwa ba wanda ya sani sai su biyu. Ni ma ban sani ba sai bana, daga bakin Ɗan'azumi, kuma da izininsa nake faɗa.

Akwatin nan duk jikinsa sitika ne, irin wanda masu abin hawa ke mannawa, na ƙwallo da na addu'a. Da Malam Sama'ilu ya ɓare ta farko sai ya ga tsaga a ƙarƙashinta, miƙaƙƙiya, yankan reza. Ya ɓare ta biyu, haka. Ya sa yatsa cikin soso ya zaro laya. Ya sake sawa ya zaro wata. Wanda bai san mu ba zai yi mamaki, amma duk ɗan tsallake ya san yadda muke da ruwa. Mu manoma ne, yawancinmu ba mu iya iyo ba, tsoronsa muke ji kamar me. Tsohuwa in ɗanta zai riƙa hawa jirgi sai ta karɓo laya ta ba matuƙi, ta ce ya sa a jikin jirgin, kusa da inda ake tuƙi, a wurin da ba za ta faɗi ba. Ɗan'azumi ba ya iya ce wa babba a'a. Sai ya tsaga leda da reza, ya cusa layar cikin soso, ya rufe da sitika. Rana ta ɗaga bakin sitika, ruwan sama ya bi tsagar ya shiga, soso ya riƙe shi ya kwanta a jikin katako. Ledar kuma mai kyau ce, ruwan da ya shiga ba ta bar shi ya fita ba.

Dattijon ya tara layun a cikin hularsa, ya miƙa wa Ɗan'azumi.

"Na wane ne da wane?"

"Baba, kusan kowane gida akwai tasu."

"Wannan fa?" Ya ɗaga wata 'yar ƙarama, ta jar fata, an yi mata ɗinki da koren zare. Ita ce a sama, daidai inda sitiyari ya ɓalle.

Ɗan'azumi ya ce, "Ta Baraka ce. Da cikinta ya fara nauyi ta ba ni, ta ce tana tsoron ruwa. Ta roƙe ni in sa ta kusa da hannuna."

Malam Sama'ilu ya zauna a kan yashi yana kallon ruwa. Can ya ce, "Tana asibiti yanzu?"

"Tana can, Baba."

"To ka ji. In maganar nan ta fita, Alhaji ba zai bar ka ba, jirgi kuma ba mai tuƙa shi sai kai. Wannan duk mai sauƙi ne. Yarinyar nan za a je a gaya wa cewa da hannunta ta ba da abin da ya jawo. Ba za ta iya ɗauka ba. Ni na tsufa, fatata ta yi kauri. Ka rufe bakinka."

"Baba, sunanka fa?"

"Na ce ka rufe bakinka. Riƙe mini nan in auna."

Kai ne, Malam Sama'ilu, ka riƙe hujjar da za ta wanke ka a cikin hularka, mutane suna tsaye a kan gaɓa suna nuna ka da baki, taku kaɗan ne tsakaninku, ka ƙi miƙewa. Na yi ta juya wannan a raina. Ni da nake da baki, da ko numfashi ban sauke ba na hau gaɓar nan na zazzage musu layun a ƙafa, in ce kowa ya ɗauki tasa. Kai ka duba ka ga mace kwance a gadon asibiti, ka zaɓi a zage ka.

Sannan ya sake aikin daga farko. 'Yan ƙungiya sun so su kai wa wani, amma duk wanda aka tuntuɓa ya ce ba ruwansa da jirgin da ya yi haɗari. Haka suka zuba masa ido suna hura hanci. Ya sake komawa Kano. Ya yanko sabon katako, ya ninka shi biyu a inda sitiyari ke zama, ya sa faranti na ƙarfe a baya yadda noti ba zai sake nutsewa ba. Ya huda ƙananan ramuka a ƙasan akwatin don ko ruwa ya ɓata hanya ya shiga ya sami mafita. Ya shanya ledar a kan yashi ta yi laushi, ya ja ta, ya bi kwana da babban yatsa yana lallashinta, ya buga ƙusa, ya sake ja. Kwanaki ya yi a bakin ruwan nan cikin rana. Masu wucewa ba sa yi masa sannu.

Sai kuma ya yi wani abu da ba a taɓa gani a jikin jirgi ba. A gefen akwatin, ƙasa da sitiyari, inda ruwan sama ba ya bugu, ya ɗinka aljihu da ragowar ledar, mai marfi da maɓalli. Ya ce wa Ɗan'azumi, "Ni ban taɓa ɗaura laya ba, kuma ban ce tana tsare kowa ba, Allah ke tsarewa. Amma in na ce su daina ba za su daina ba, kai kuma ba za ka iya hana su ba. Duk wanda ya ba ka, ga wurinta nan. In na sake ganin reza a jikin ledata, ni da kai ne." Ɗan'azumi ya busar da tsofaffin layun ya zuba su a ciki. Mutane suka ga aljihu suka yi dariya, suka ce tsoho ya rikice, ya mai da jirgi riga.

Tun daga ranar akwatin nan bai sake motsi ba. Na hau jirgin ba adadi. Masu naƙuda sun haye a cikinsa, an haye da marasa lafiya, an haye da gawa, 'yan makaranta sun haye zuwa jarrabawa. Kowannensu ya dafa ledar nan da hannunsa in jirgi ya yi girgiza. Su ɗin dai, in sun sauka suka hau gari, su ne za su kai sirdinsu wani layi, su ce ai na bayan tasha ba amana. Ka dafa aikin mutum ka tsira da ranka da safe, ka zage shi da rana. Ni wannan ne ban taɓa iya haɗiyewa ba.

Kuma kada wani ya ce mini magana ce kawai, iska ce. Na ga abin da maganar ta yi. Na ga direbobin da suka saba shan shayi a rumfarsa suna ɗauke kai. An fasa ba shi aikin kujerun wani masallaci bayan an riga an yi magana, wai kada a sa hannun maha'inci a ɗakin Allah. Matarsa Inno ta daina zuwa biki da suna na wani lokaci, don ta gaji da shirun da ake yi in ta shiga. Ni dai ban fasa kai masa kujerun gidana ba, na kuma yi faɗa da mutane a kansa har aka fara ce mini lauyar mai kushin. Amma hujja ba ni da ita, sai dai sanin hali. Na taɓa tsare shi na ce, "Baba, don Allah me ka gani a cikin akwatin nan?" Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Malama, soso na gani da ruwa. Kujerar taki ja kike so ko ruwan ƙasa?" Na tashi na tafi ina jin haushinsa shi ma.

Baraka kuwa tun daga ranar haɗarin ba ta sake taka jirgi ba. Ko da damina zagaye take yi. Allah ya ba ta wasu 'ya'yan, amma ruwa ko kallonsa ba ta son yi. Sai bana, da aka aiko mata mahaifiyarta ba lafiya a tsallake, jiki ya yi tsanani, ba lokacin zagaye. Ta shiga jirgi, ta zauna a gindin akwatin sitiyari ta ƙanƙame shi. Hannunta ya faɗa kan aljihun, maɓallin ya buɗe, wasu layu suka zubo a cinyarta. Tana mayar da su sai ta ga wata 'yar ƙarama ta jar fata da koren zare. Ita ta yi ɗinkin da hannunta. Fatar ta yi baƙi ta ƙanƙance, irin ta abin da ya daɗe a jiƙe.

Ta jira sai da kowa ya sauka. Sannan ta ce, "Ɗan'azumi, wannan ai a cikin leda ka ce ka sa ta. Ta ina ka sa ta?"

Ya ce ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. Ya zauna a bakin jirgi ya gaya mata duka, har da abin da dattijon ya ce a kanta.

Ta yi jinyar mahaifiyarta har ta samu sauƙi. Ta dawo gari ta gaya wa mijinta. Abin da suka yi a ɗaki ban sani ba, ba kuma huruminmu ba ne. Abin da na sani shi ne ran kasuwar da ta biyo baya, da rana tsaka, lokacin da bencin masu faci yake cike, Baraka ta zo bayan tasha da mayafinta, Ɗan'azumi yana biye da ita. Ina wurin, na kawo matashin kujera. Ta durƙusa a ƙofar rumfar, ta gaishe shi, ba ta rage murya ba.

"Baba, ni ce Baraka, matar Alhaji Maikasuwa. Na zo in faɗa a gaban mutane. Ledarka ba ta yi komai ba. Mu muka sa aka tsaga ta da reza aka cusa layu, ruwa ya shiga. Har da tawa a ciki, ga ta."

Dattijon ya tsayar da keke. Ya juya wajen Ɗan'azumi, ransa a ɓace, ban taɓa ganinsa haka ba. "Wa ya aike ka?"

"Ita ta gani da idonta, Baba."

Ya juyo wajenta, muryarsa ta sauka. "Tashi, 'yata. Ba ke ba ce. Tsoro kika ji, kowa yana jin tsoro. Abin da Allah ya rubuta ne."

"To kai ma ba kai ba ne, Baba," in ji ta. "Me ya sa ka bari aka ce kai ne?"

Ya cire gilashi yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ita kuma tana durƙushe tana kuka, ba mai ƙara ba.

Yanzu ku tambaye ni abin da masu benci suka yi. Ɗaya ya ce, "Allah ya kyauta." Ɗaya ya ce shi dama bai taɓa yarda da maganar ba, alhali da kunnena na sha jin ta a bakinsa. Sauran suka tuna suna da uzuri, aka watse ɗaya bayan ɗaya. Ƙaryar da ta isa Babura kafin magariba, gaskiyarta yau sati nawa ko layin masu faci ba ta gama zagawa ba. Mace mai rauni, wadda ita ce ta yi rashi, ta iya durƙusawa a bainar jama'a ta ɗauki rabonta na laifi. Maza masu gemu, waɗanda gidajensu ma akwai layunsu a aljihun nan, sun kasa tako ƙafa su ce yi haƙuri. Alhaji Maikasuwa ya aiko da buhun albasa. Buhun yana nan a jingine a rumfar, dattijon bai buɗe ba, bai kuma mayar ba. Alhaji, da bakinka ka yi maganar a ƙofar nan, ba da albasa ba.

Baraka ce ta ce in rubuta, in kuma sa sunanta. Shi Malam Sama'ilu bai so ba. Da na gaya masa ya ce, "Malama, abin da ya wuce a bar shi." Na ce, "Baba, wannan karon ba zan ji maganarka ba." Ya yi murmushi ya ce dama ban taɓa ji ba.

Sama'ilu na bayan tasha, mai ɗinkin da ba ya warwarewa. Kai ne ka yi aiki mai kyau aka ɓata shi, ka sake yin wanda ya fi shi ga mutanen da ke zaginka. Kai ne ka ga wautarmu tsirara, ba ka yi mana wa'azi ba, ba ka yi mana dariya ba, ka ɗinka mata aljihu. A madadin duk wanda ya taɓa hayewa ruwan nan ya sauka lafiya, da mahaifiyata da nake zuwa gani duk mako, na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya, ya ba Inno ladan haƙurin da ta yi tare da kai. Masu sana'a kuma, matasa da manya, in kuna neman wanda za ku kwaikwaya, ga shi nan da ransa, ba sai kun jira an yi masa addu'ar uku ba.

Ba don ya gaji zai rufe rumfar ba. Yanar ido ce ta rufe masa gani, zare ma da lalube yake zura shi a allura yanzu. Abin da ya rasa na shekarun nan ba mai iya mayar masa, ciniki ya riga ya tafi, ƙarfi ya tafi. Sunansa kawai ya rage, shi kuma yana hannunku. Yana nan har ƙarshen wata, daga hantsi zuwa la'asar. Ku da kuka ce maha'inci ne, kun san kanku, ku je da ƙafarku, kada ku yi aike. Ba ya gane fuska sosai yanzu, saboda haka in kun tsaya a gabansa ku faɗi sunanku da ƙarfi, ya san wanda ya zo.